Aikin Kammala Sakandare a Amurka da Shirin Rayuwar Ɗalibi



Kowace shekara ɗalibin ajin ƙarshe yakan shigo ofishina, ya gaishe ni cikin ladabi, sa'an nan ya ce, "Malam, a taimaka mini da taken da zan rubuta kundina a kai." Wannan ɗalibi ya yi shekara goma sha biyar ko fiye yana amsa tambayoyin da wasu suka tsara, amma ba a taɓa nemansa ya tsara tasa ba. Ban ga laifinsa ba. Don haka ne na ga ya kyautu yau mu leƙa Amurka, inda makarantun sakandare da dama suka daɗe suna fama da wannan matsala.

A can karatun babbar sakandare shekara huɗu ne, daga aji 9 zuwa aji 12. A wasu makarantu ba a sallamar yaro sai ya gabatar da wani babban aiki na ƙashin kansa. Sunan da suka ba aikin daga wajen magina suka aro shi, watau dutsen da ake ɗorawa a ƙarshe a kan bango. Da maginanmu ne, da rawani za su kira shi. Mu sai mu ce aikin kammalawa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1918 William Kilpatrick, almajirin John Dewey, ya yi rubutu yana cewa yaro ya fi koyo idan yana aikin da shi kansa ya ƙudura. A 1984 kuma Theodore Sizer na Jami'ar Brown ya kafa ƙungiyar makarantu bisa aƙidar cewa kada a ba ɗalibi takardar shaida don kawai ya zauna a aji na wasu shekaru, sai ya fito fili ya nuna abin da ya iya.

Galibi aikin kashi huɗu ne. Na farko, takardar bincike. Na biyu, wani abu da ɗalibi zai yi da hannunsa, ko ya ƙera, ko ya bi wani mai sana'a ya koya. Na uku, fayil da yake tara shaidar duk abin da ya yi, har da inda ya yi tuntuɓe. Na huɗu, ya tsaya gaban alƙalai, malamai da mutanen gari, ya yi bayani, su yi masa tambayoyi. Alal misali, a shirin AP Capstone da aka fara a 2014, ɗalibi yakan shekara guda yana koyon auna hujja da muhawara, sa'an nan a shekara ta biyu ya rubuta takarda mai kalmomi 4,000 zuwa 5,000, ya kuma kare ta da baki cikin minti 15 zuwa 20.

To, a lura da wannan shekara ta share fage, domin a nan asirin yake. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da ake koya wa yaro shi ne rage girman tambaya. Wanda ya ce zai yi bincike a kan gurɓatar ruwa a duniya ba zai gama ba. Wanda ya ce zai auna ruwan rafin bayan makarantarsu sau ɗaya a mako har wata uku, wannan ya sami aikin yi. Abu na biyu shi ne a yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowane yanki da ranar miƙa shi, don kada kome ya taru a makon ƙarshe. Na uku, a haɗa shi da wani babba a gari wanda ya san sana'ar. Na huɗu, a koya masa amana: abin da ya ɗauko daga wani ya faɗi mai shi, balle yanzu da na'ura take iya rubuta wa mutum takarda cikin ƙiftawar ido. Tsayuwa gaban alƙalai ita ke tona wanda aka yi wa aiki.

Ina dangantakar wannan da makomar yaro? Yarinyar da take mafarkin aikin jinya, idan ta yi makonni tana bin ma'aikaciyar asibiti, ko dai niyyarta ta ƙara ƙarfi, ko ta gane ba hanyarta ba ce. Duka biyun riba ne, kuma gara ta gane tana shekara 17 da ta gane bayan iyaye sun zuba dukiya.

Amma kada a ɗauka abin ba shi da cikas. Jihar Washinton ta wajabta aikin ga masu kammalawa daga 2008, sa'an nan a 2014 majalisar jihar ta janye wajabcin, ta bar wa hukumomin ilimi na yankuna zaɓi. Abin da ba ta janye ba shi ne takardar shirin rayuwa, wadda yaro yake farawa tun kafin ya shiga babbar sakandare, yana rubuta abin da yake so ya zama da darussan da za su kai shi, yana gyarawa yayin da hankalinsa yake girma. A ganina, cikas mafi girma shi ne rashin daidaito: ɗan likita yana da wanda zai bi, ɗan talaka kuwa sai makaranta ta nemo masa. In ba ta nemo ba, aikin ya zama awon gatan iyaye.

Ku ma'aikatan ilimi da ke nan, ba na ce ku kwaso tsarin Amurka ɗungurungum ba. Roƙona ƙarami ne: kafin yaro ya bar sakandare, a ba shi dama sau ɗaya ya tsara tambayarsa, ya je wurin masaƙi ko manomi ko tsohuwa mai tatsuniya ya nemo amsa, ya dawo ya tsaya gaban mutane ya kare ta. Ku kuma ɗalibai, ranar da za ku zo ofishina, ku zo da tambayarku a hannu, ko da gurguwa ce, mu gyara ta tare.