Tsirran Fadamar Gishiri da Neman Maganin Cututtukan Fungas



A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin fungas 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, ta sa huɗu a sahun gaba: Cryptococcus neoformans mai haddasa sanƙarau ga masu fama da ƙanjamau, da Aspergillus fumigatus mai kama huhu, da Candida albicans, sai Candida auris. Mu nan idan an ce cutar fungas, makero a kan yaro ko kyasfi a wuya ke faɗo mana a rai. Waɗannan huɗun kuwa jini da huhu da ƙwaƙwalwa suke shiga. Makaman likita a kansu kaɗan ne: amphotericin B da aka samo tun shekarun 1950, da flucytosine, da dangin fluconazole, da dangin caspofungin da ya fito a 2001. Dalilin ƙarancin shi ne ƙwayar halittar fungas ta yi kama da tamu ƙwarai, don haka abin da zai kashe ta sau da yawa yakan taɓa hanta ko ƙodar majinyaci.

To me ya kai mu fadamar gishiri? An fara gano Candida auris a 2009 a kunnen wata majinyaciya a Japan, ya bazu a asibitocin duniya, galibinsa ba ya jin fluconazole. A 2021 masu bincike a Indiya suka ba da rahoton sun same shi a wata fadamar gishiri a tsibiran Andaman, inda mutane ba sa zirga-zirga. Ke nan tsirran irin wannan wuri maƙwabtan fungas ne tun fil azal.

Fadama ce ta bakin teku, ruwan gishiri ya rufe ta ya janye, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a yini. Laka ce baƙa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ba ta ratsa ta. A ciki Salicornia ke tsirowa, gaɓa-gaɓa cike da ruwa, ba ganyen kirki, ta yi ja idan sanyi ya gabato. Ciyawar Spartina kuma takan fitar da gishirin ta ganyenta har ka ga ƙyallinsa a rana. A gabar Jojiya ta Amurka, Brian Silliman da Steven Newell sun nuna a 2003 cewa wani dodon koɗi yakan kankare ganyen Spartina da gangan, fungas ya kama raunin, shi kuma ya dawo ya ci. Tsiron da ke rayuwa cikin gishiri da danshi da rauni irin haka dole ya tanadi sinadaran kare kai, shi ya sa ake kyautata masa zato.

Aikin gwajin sananne ne. A shanya tsiron a inuwa, a niƙa, a jiƙa garin a ruwa ko methanol ko hexane, domin kowanne da irin sinadarin da yake janyowa. A tace, a ƙafar da ruwan, sai wani ɗanko kore ko ruwan ƙasa ya rage a gindin kwalba. A ɗiga shi a ɗan faifan takarda, a ɗora kan farantin da aka shafa wa fungas, a ajiye a ɗumin digiri 35. Bayan kwana ɗaya ko biyu, idan ka ɗaga farantin ga haske, kana iya ganin da'ira garau kewaye da takardar, inda fungas ya kasa tsirowa.

A nan nake so mu tsaya, domin a nan yawancin kundayen bincike ke ƙarewa da shelar an samu magani. Da'irar nan tana auna yadda sinadari ke yaɗuwa a faranti kamar yadda take auna ƙarfinsa. Mai ƙarfi da ba ya narkewa a ruwa sai ya ba da ƙarama, marar ƙarfi ya ba da babba. Tsiron fadamar gishiri kuma yana da tarko nasa na daban: busasshiyar Salicornia kaso mai yawa nata gishiri ne, kuma jiƙon ruwa zai kwaso shi. Wanda bai ware gishirin ba, ko bai gwada gishiri zalla a gefe ba, bai san wa ya yi aikin ba. Haka sinadarin da aka narkar da ɗankon a ciki, shi ma a gwada shi shi kaɗai. Sinadarin tanin, irin na bagaruwa da ake jima da shi, yakan daskarar da furotin ko na wane ne, saponin kuma yakan fasa jajayen ƙwayoyin jini. Dukansu za su yi kyau a faranti, amma ba za a ɗura wa majinyaci su ba.

Ma'aunin da ya kamata shi ne a yi ta raba ƙarfin jiƙon biyu a tire mai ramuka 96, har a gano mafi ƙanƙantar adadin da ke hana fungas girma, bisa ƙa'idojin CLSI na Amurka ko EUCAST na Turai, tare da fluconazole a gefe don kwatance. Masana da dama ba sa ɗaukar jiƙo da muhimmanci sai ya yi aiki a ƙasa da mikrogiram 100 a kowace mililita. Daga nan a gwada shi kan ƙwayoyin halittar mutum. A kuma rubuta wuri da watan da aka tsinko tsiron, a ajiye samfurinsa, don sinadaransa na sauyawa da lokaci. Wani zubin ma ƙananan halittun da ke zaune cikin tsiron ne masu haɗa sinadarin.

Mu ba mu da teku, amma muna da ƙasa mai gishiri da kanwa a yankin Tafkin Chadi da Manga, inda itacen asuwaki, Salvadora persica, ke jure gishiri. Muna kuma da fumfunar Aspergillus flavus da ke zuba gubar aflatoksin a gyada da masara. A ganina, kare amfanin gona a rumbu ya fi kusa da hannunmu fiye da maganin allura.

Roƙona ga iyayenmu masu duba kundayen ɗalibai shi ne kada a karɓi da'irar faranti ita kaɗai a matsayin hujja, kuma ɗalibin da jiƙonsa bai yi aiki ba a ba shi dama ya wallafa hakan, don wani ya huta da maimaitawa.