Tana, Gara da Gizo-gizo a Gindin Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Ruwan da ke fita daga masana'antun Kano yana da hanyoyi biyu sanannu. Na Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya gangara har madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Na Sharaɗa kuwa rafin Salanta yake bi, shi da na Challawa su ƙare a kogin Challawa, wanda birnin ke ɗibar ruwan famfo daga cikinsa. A gaɓar waɗannan rafuka manoman rani ke shuka latas da alayyafo da kabeji da karas da albasa. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna gubar da ke cikin wannan ruwa, da cikin ƙasar lambunan, da cikin ganyen da ake kaiwa kasuwa. Abin da takardar nan ke roƙon masu binciken shi ne su ƙara duƙawa ƙasa kaɗan, su dubi halittun da ke zaune cikin ƙasar da ake aunawa.

Kafin nan, ya kamata a san abin da ruwan ke ɗauke da shi. Fata tana isa kamfanin jima cike da gishirin da aka adana ta da shi, sai an wanke. Ana cire gashinta da farar ƙasa da sinadarin salfaid, wanda shi ne ke ba da warin ruɓaɓɓen ƙwai da mazauna yankin suka sani. Daga nan a jeme ta da kuromiyam, ta fito shuɗi-shuɗi. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, ita kuwa 'ya'yan itace ce, ƙasa tana iya cinye ta. Kuromiyam ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Inda ya zauna, nan za a tarar da shi bayan shekaru.

Tana ce ta farko a layin wahala. Ba ta da huhu, da danshin fatarta take numfashi, kuma abincinta ƙasar ce kanta: tana haɗiye ta, ta tsotse abin da ya ruɓe a ciki, ta fitar da saura ya zama taki. Ramukan da take bari su ne ƙofofin da iska da ruwa ke bi su kai ga saiwa. Gishiri yana ƙona wannan fata mai laushi, ƙarafa irin su kadmiyam da dalma kuma suna taruwa a jikinta, sai kaza ko belbela ta tsince ta gubar ta hau sama. Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a kan tana a 1881, kuma tun 1984 ƙungiyar OECD ta fitar da ƙa'idar gwada gubar sinadarai da tana. Manomin Jakara ba ya buƙatar jin sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ya san ƙasar da ya saba ganin tana idan ya kafta fartanya, ya kuma san wadda ta daskare ta yi farin gishiri a sama.

A ƙasa mai dogon rani irin ta Kano, babban aikin yana hannun gara. Mutane sun fi saninta da cin azara da littafi da buhun hatsi, kuma laifinta ne, ba ƙage ba. Amma ita ce ke kwashe karan dawa da busasshiyar ciyawa da kashin shanu ta shigar da su ƙasa a watannin da tana ta nutse tana jiran damina. Manoman Illela a jihar Tawa ta Nijar sun farfaɗo da faƙo da dabarar tassa: a haƙa ƙananan ramuka a zuba taki, gara ta zo cin takin, ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan sama ya samu wurin shiga. Da irin wannan dabara Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya mayar da faƙo daji, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Gara tana da wani amfani da ya dace da Challawa ƙwarai. Yumɓun da take gina suri da shi daga can ƙarƙashi take ɗauko shi, shi ya sa masu neman zinariya a Afirka ta Yamma da Ostireliya suke ɗibar ƙasar suri su auna maimakon su yi ta tono. Suri guda a bayan katangar kamfanin jima tamkar rijiyar gwaji ce da aka haƙa kyauta. Yana da kyau kuma a tuna cewa shingen da ke tashi daga cikinsa a farkon damina yara suna kamawa su soya su ci.

A saman ganye kuwa gizo-gizo ne da zanzaro da rina ke gadi. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2017 ya nuna gizo-gizon duniya suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. Manoman Kano sun ga abin da ƙwaro ɗaya ke iya yi idan ba mai tare shi: a 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙara feshi. Feshin kuwa ba ya tantance mai ɓarna da mai gadi, kuma mai ɓarnar ya fi saurin hayayyafa. Lambun da ke gaɓar Getsi yana shan guba ta ƙasa daga ruwa, yana shan wata ta sama daga injin feshi. Kudan zuma ma abin ya shafe shi. Latas ba ya buƙatarsa, amma kabewa da kankana da gurji suna buƙata, haka ma albasa da karas idan iri ake so a samu.

Ƙwari ba sa ƙarewa baki ɗaya a gurɓataccen wuri, masu zama ne ke canjawa. Ƙuda yana samun tarkacen nama da kitsen da aka kankare daga fata. Sauron da ake kira Culex ya fi son ruwan kwata mai wari. Mazari, wanda 'ya'yansa ke girma cikin ruwa suna cin tsutsar sauro, yawancin nau'o'insa ba sa jure ruwan da iskarsa ta ƙare.

Akwai kuma filayen masana'antun da suka rufe a Sharaɗa da Bompai, inda ciyawa da darbejiya suka mamaye harabar shekara da shekaru ba noma ba feshi. Rufewarsu asara ce ga dubban ma'aikata, amma ga mai nazarin ƙwari wurare ne da za su nuna yadda ƙasa ke farfaɗowa idan aka ƙyale ta, da kuma tsawon lokacin da hakan ke ɗauka.

Aikin da ake nema ba mai tsada ba ne. A binne kofin roba bakinsa daidai da ƙasa, a dawo a ƙirga abin da ya faɗa ciki. A yanko ƙasa santimita 25 tsawo, 25 faɗi, 30 zurfi, a barbaza ta a kan tire a ƙirga tana da gara da tsutsa. Ɗalibin sakandare zai iya. Binciken da ya girgiza Turai a 2017, wanda ya nuna nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27 a wasu killatattun dazuzzukan Jamus, ya samu ne daga tarkunan wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari ta garin Krefeld, waɗanda suka yi ta tarawa suna aunawa tun 1989.

Shawarar takardar nan ga hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ita ce su sa ƙidayar ƙwarin ƙasa cikin binciken muhallin da ake yi wa masana'antu, tare da awon ruwa. A zaɓi wurare tabbatattu a Getsi da Salanta da Challawa, ɗaya kafin bakin magudanar kamfani ɗaya bayanta, a haɗa da wata gona a Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga don kwatance. A ƙirga sau ɗaya a tsakiyar damina, sau ɗaya a lokacin noman rani, a kuma liƙa sakamakon da Hausa inda manoman lambu za su karanta.