Makin Shiga Jami'a da Ɗaliban Ƙasar Gumel



Kafin 1978 kowace jami'a ke zaɓar ɗalibanta da kanta. A shekarar aka kafa hukumar JAMB. Jarrabawarta ta darussa huɗu ce, har da Ingilishi, jimillar maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta.

To, yaron Gagarawa ko Sule Tankarkar da bai taɓa kwamfuta ba, da mudu ɗaya ake auna shi da ɗan Legas. Lalle an ware kashi 20 cikin ɗari na guraben jami'o'in tarayya domin jihohin da ke baya a ilmi, irin Jigawa. Amma gurbi ba ya koya wa yaro karatu. Gyaran yana makarantun sakandarenmu, daga Gumel har Maigatari.