NA GABA IDON NA BAYA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, wanda malamin makaranta ne, ya gabatar a taron taya murna ga yaranmu da suka sami shiga jami'a, a nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, bisa roƙon iyaye da dama.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban wannan taro, iyayenmu malamai, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan'uwana da ƙannena ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan karatun jami'a, kuma an ce kada in tsawaita domin abinci na jira. To, zan ƙoƙarta. Amma ina roƙon iyayena su yi mini afuwa, don zan fara da labarin da ba na murna ba, alhali kuwa taron murna muka zo.

Shekarun baya akwai wani yaro a cikin jama'armu, ba zan faɗi gidansu ba. Ranar da sunansa ya fito a jerin waɗanda wata jami'a ta ɗauka, mahaifinsa rago ya yanka. Yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, ya sauke Alƙur'ani, ba ya shan komai, ba ya yawon banza. A ƙarshen shekara ta biyu jami'a ta sallame shi saboda makinsa ya kasa. Kun san abin da ya yi? Kusan shekara guda ya ci gaba da karɓar kuɗin makaranta yana ɗaukar jakarsa, ya tafi ya fake a ɗakin wani abokinsa, don ba ya iya duban idon mahaifinsa ya faɗa masa. Da asiri ya tonu, na zauna da shi na ce, "Don me ba ka gaya wa kowa ba tun farko?" Sai ya ce, "Yaya, wa zan gaya wa? Ni kaɗai ne Bahaushe a ajinmu."

A lokacin nan akwai yaranmu har huɗu a wannan jami'ar, suna aji uku da aji huɗu. Suna haɗuwa da shi a masallaci, su gaisa, kowa ya kama gabansa. Babu wanda ya taɓa ce masa, "Kai, mu ga sakamakonka." Wannan shi ne abin da ya tsayar da ni a gabanku yau.

Bari in bayyana wa iyayenmu yadda lissafin jami'a yake, don da yawa sun ɗauka irin na sakandare ne, inda yaro zai yi wasa a farko ya dage a ƙarshe. Kowace jami'a da ɗan bambancinta, amma a mafi yawansu maki 5 ne ƙololuwa. Wanda ya ci 70 zuwa sama a kwas, ya sami 5. Daga 60 zuwa 69, ya sami 4. Daga 50 zuwa 59, ya sami 3. Haka ake sauka har zuwa sifiri. Kuma ba a yafe komai: makin zangon farko na aji ɗaya yana nan cikin lissafi har ranar da za a ba ka digiri. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai bi masa kuma daga 3.50. To, ku ɗauka yaro ya gama aji ɗaya da 1.50, a karatun shekara huɗu. Kafin ya kai 3.50 ɗin nan, sai ya riƙa samun kusan 4.20 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, ba tuntuɓe ko ɗaya. Wato ramin da aka haƙa cikin wata huɗun farko, shekara uku ake yi ana cike shi, wani lokaci ma bai cika ba.

Me ke jefa yaro cikin ramin nan? Sau da yawa ƙananan abubuwa ne waɗanda ba a rubuta su a allo. Bai san cewa gwaje-gwaje da aikin gida suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100 ba, sai ya raina su. Bai san jami'o'i da yawa suna hana mutum zama jarrabawa in bai halarci yawancin laccoci ba. Ya yi kuskure wajen rijistar kwas, bai gane ba sai da aka rufe. Laccara yana magana da lasifika a gaban mutum ɗari biyar, shi kuwa yana can baya, Turanci kuma harshensa na uku ne bayan Hausa da Yarbanci, kuma kunya ta hana shi ɗaga hannu kada a ce Aboki bai gane ba. Duk waɗannan, ɗalibin aji uku zai warware masa su kafin shayi ya huce.

Jama'a, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan magana. Tun da aka kafa Sabon nan a 1916, da me kakanninmu suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Kudu da Arewa? Baƙo ya sauko daga Kano ko Sakkwato da dukiyarsa, bai jin Yarbanci, bai san mai gaskiya ba, bai san macuci ba. Ba a barinsa ya faɗa kasuwa shi kaɗai. Wurin maigida yake sauka, wato fatoma, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali, a ce masa wane ana ba shi bashi, wane kuwa ko sisi kada ka yarda. Domin baƙo ko da idonsa makaho ne. To, ashe mun san mu yi wa huhun goro da saniya wannan gata, amma ɗan da muka haifa sai mu tura shi jami'a ba maigida ba dillali?

Haka kuma a makarantar allo. Malam ɗaya, almajirai sittin, yaya aka yi kowa ya sami ƙari? Gardi ke biya wa titibiri, titibiri ya biya wa kolo. Kuma duk wanda ya zauna tsangaya ya san gardin da ya fi biya wa yara, shi ne tilawarsa ta fi zama.

Abin mamaki, Turawa ma da bincike suka iso inda muke. A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a Amurka, mai suna Uri Treisman, ya so ya gano dalilin da ɗalibai baƙar fata ke yawan faɗuwa lissafin aji ɗaya, alhali ɗalibai 'yan asalin Sin suna wucewa. Ya bi su har masaukinsu yana kallon yadda suke karatu. Ya tarar baƙar fatan nan ba malalata ba ne, suna dagewa ƙwarai, sai dai kowa shi kaɗai yake kulle kansa a ɗaki. Su kuwa 'yan Sin, bayan kowa ya yi nasa, sai su taru da yamma, su ci abinci tare, su duba aikin juna, wannan ya kama kuskuren wancan. Da ya shirya wa ɗalibansa irin wannan zama na rukuni, sakamakonsu ya tashi sosai. Kafin shi ma, a 1973, wata malama, Deanna Martin, ta fara wani tsari a Jami'ar Missouri da ke Kansas City, inda ɗalibin da ya riga ya ci kwas mai wuya yake zama da na bayansa kowane mako. Hikimarta ita ce ba a ware raunana a ce ku zo a taimake ku, wanda zai sa kowa ya gudu don kunya. Kwas ɗin da ke kayar da mutane ake nufa, kowa ya zo. Yau jami'o'i a ƙasashe da dama suna bin tsarin nan.

Saboda haka ga shawarar da na kawo wa ƙungiya, kuma ba ta bukatar gini ko mota.

Na farko, kowane ɗalibinmu da ya kai aji uku, ko aji biyu in makinsa na da kyau, a ɗanƙa masa sababbi uku, kada su wuce uku. In da hali su kasance fanninsu ɗaya. Mata a haɗa su da 'yan'uwansu mata, don hankalin iyaye ya kwanta, su ma su fi sakewa. Inda babu namu a wani fanni, a nemi yaron kirki ko Bayarabe ne ko Ibo. Ni da ke tsaye a nan, wani Bayarabe ɗan aji uku ne ya zaunar da ni a ƙarƙashin bishiya ya koya mini yadda ake karanta tambayar jarrabawa kafin a tsoma biro. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda a nan Kudu aka kafa ta, a Ikko, a 1954, tana da rassa a jami'o'in nan kuma da yawansu suna shirya darussan ƙari kyauta. A kai yaranmu can.

Na biyu, a haɗu sau ɗaya kowane mako, rana tsayayya, awa ɗaya da rabi, kuma tun makon farko na zango. Zaman da aka fara ana saura kwana uku jarrabawa, kiwon akuya ne ranar kasuwa.

Na uku, abin da za a yi a zaman. Ku ji da kyau, ƙannena manya: ba a ce ku zama laccara ba. Aikinku tambaya. A fara da, "Abin da ka ce za ka karanta makon jiya, ka karanta?" Daga nan a rufe littafi, ƙaramin ya bayyana darasin da bakinsa, da Hausa ma in ya so, sa'an nan ya maimaita da Turanci. Inda ya cije, nan ne bai gane ba, nan za a tsaya. Sai a ɗauko tambayoyin jarrabawar shekarun baya, kowa ya gwada da hannunsa, a musanya takardu. Kafin a tashi, kowa ya rubuta abu ɗaya ko biyu da zai kammala kafin mako mai zuwa. In yajin aiki ya zo, irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kada zaman ya mutu. Ai duk a unguwa ɗaya muke, ga zauruka, ga kuma WhatsApp ga waɗanda suka yi nisa.

Na huɗu, sharuɗɗa uku. Kada ka yi wa yaro aikin gida da hannunka. Gardi ba ya yi wa kolo hadda. Kada a kusanci satar amsa ko sayen maki, don wannan kora ce kai tsaye, da zubar da mutuncin jama'armu baki ɗaya. Kuma a riƙe sirri: abin da yaro ya faɗa maka, kada a ji shi a majalisar mai shayi. Sai fa abin da ya fi ƙarfinka, kamar rashin lafiya, ko yunwa, ko ƙwaya, ko ka ga 'yan ƙungiyar asiri suna zagayensa. Wannan kam ka kai wa babba a ranar.

Na biyar, wanda ya fi ɗaci: ranar da sakamako ya fito, a nuna wa juna. Babban ya fara nuna nasa, har da kwas ɗin da ya taɓa faɗi ya sake. Da an yi wa yaron da na ba ku labari haka a zangon farko, da yau wani zance ake.

Na san abin da manyan ɗalibai ke cewa a ransu: "Mu ma da namu karatun." Gaskiya ne. Shi ya sa na ce uku kawai, awa ɗaya da rabi kawai. Kuma ku tambayi kowane malami a zauren nan, bai san darasi da gaske ba sai ranar da ya tsaya koyar da shi. Abin da za ku biya wa 'yan aji ɗaya, shi ne tushen abin da ake tambayarku a aji huɗu.

Ita kuwa ƙungiya, abu uku nake roƙo. A buɗe littafi guda a rubuta sunan kowane ɗanmu da ke jami'a ko kwaleji, da fanninsa da ajinsa, don a yanzu ko yawansu ba mu riƙe ba. A ware ɗan abin da zai ishi kuɗin mota da na buga takardu ga masu jagorancin nan. A kuma naɗa dattijo ɗaya da uwa ɗaya, masu sanyin hali, waɗanda za a riƙa kai wa matsala.

Iyayena, ku yi haƙuri, saura ku. Yaro ya zo hutu, ba ya isa a ce, "Yaya karatu?" ya ce, "Alhamdu lillahi." Ku ce ya kawo takardar sakamako, in ba ku karanta boko, a kira wanda zai karanta. Lokacin jarrabawa a ɗaga masa zaman shago da aiken kasuwa. In kuma ya zo ya ce ya faɗi kwas, don Allah kada a fara da zagi da Allah wadai. Kwas ɗaya ana sake shi a wuce. Tsoron bakinku ne ke sa yaro ya ɓoye ɗaya har ta zama biyar.

Ku kuma sababbi da muke taya murna, mun ji daɗi, kun fitar da mu kunya. Amma ku sani shiga jami'a ɗaura ɗamara ce, kokawar tana gaba. Matambayi ba ya ɓata. Kuma bashi ne za ku ci: nan da shekara biyu, ku ma za a ɗanƙa muku naku ukun.

Ga takarda nan a teburin sakatare. Duk ɗalibin aji biyu zuwa sama da ya yarda, ya rubuta sunansa da fanninsa kafin ya taɓa shinkafar nan. Ina tsaye a bakin ƙofa, kuma na san gidan kowa.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, ku gafarce ni. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.