Furannin Kwarashi Da Aikin Ziyarar Marasa Lafiya



Damin furannin da kuke gani a kan teburin nan ba daga kanti aka sayo shi ba. Matan Zumuntarmu ne suka saƙa shi da kwarashi da zaren ulu. Mun san akwai dattawan da ke ganin wannan wasan mata ne kawai, bai kai a kawo shi gaban taro ba. Muna roƙonku ku duba Fitowa 35:25-26. Da aka tashi yin alfarwa ta sujada a jeji, an rubuta aikin matan da suka kaɗa zare da hannuwansu tare da na masu zinariya. A Ayyukan Manzanni sura 9 kuma, da Dokas ta mutu a Yafa, tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka.

Saƙa ba baƙuwa ba ce gare mu. Da wuya a yi haihuwa a cikinmu ba a kawo hula da safa da rigar sanyi na kwarashi ba. Hannun da ya iya waɗannan zai iya fure. Ana saƙa doguwar tsiri mai lanƙwasa a gefe ɗaya, a naɗe ta kamar tabarma, a ɗinke gindin da allura, sai ga fure ya fito. A soka siririyar waya, a naɗe ta da koren zare, a haɗa ganye biyu. Tilas a tanƙware bakin wayar, kada ta soki mai karɓa. Zare da kwarashi ana samunsu a kasuwar Sabon Gari.

To, wa za mu kai wa? Allah ya ajiye mu kusa da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, nan kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988. Marasa lafiya suna zuwa daga Jigawa, Katsina, Bauchi, har da ƙasar Nijar. Wani yakan yi wata guda a kwance, daga shi sai mai jinya ɗaya. Ɗanyen fure ba ya kwana biyu a zafin Kano na watan Afrilu, amma na zare zai bi mutum har gida, ya zauna shekaru. A yi damin ƙarami, fure uku ko biyar, domin 'yar durowar gefen gado cike take da magani da filas. A fara neman izinin ma'aikatan jinya, gama akwai ɗakunan da ba a shiga da kome, kuma suna da dalilinsu.

Kada wanda ya je da fure kaɗai. A al'adarmu ta nan, mai zuwa dubiya yakan riƙe ayaba ko lemo, ko ya damƙa wa mai jinya ɗan abin sayen magani. Yaƙubu sura 2 ta riga ta tsauta wa mai sallamar mayunwaci da baki kawai. Furen ƙari ne a kan abincin.

Ga wurin da muke so mu daɗe kaɗan. Mu 'yan tsiraru ne a Gyadi-Gyadi da Tarauni. Yawancin waɗanda za mu tarar a kan gadajen nan Musulmi ne, haka ma maƙwabtan da za su yi suna ko biki a layinmu. Waɗansu sun ba da shawara a riƙa ɓoye 'yar takardar bishara a cikin damin. Ba mu yarda ba. Ranar da mai jinya ta buɗe ta ga abin da aka ɓoye, ta daina ganin kyauta, sai tarko, kuma ƙofar da aka rufe ba a kanmu kaɗai za a rufe ta ba, har da waɗanda za su zo bayanmu. Ba ma jin kunyar bishara. Mu faɗi sunan Ekklesiyarmu a fili, mu gai da mutum, mu ce Allah ya ba da lafiya. Wanda ya nemi addu'a a yi masa. Wanda ya ce ba ya son furen, a yi masa godiya a wuce. Mu da muka ga watan Mayu na 2004 a garin nan mun san tsadar amana tsakanin maƙwabta. Mun kuma tuna Janairun 2012, lokacin da waɗansu Musulmi suka tako har cikin majami'u a Sabon Gari don su kwantar mana da hankali.

Game da adon majami'a, muna ganin lokaci ya yi da za mu sauke furannin roba da suka koɗe a gaban bagade, mu sa aikin hannun matanmu. A sa su cikin ƙananan tukwanen ƙasa da yashi a ciki don su tsaya. Dami biyu sun isa, ba shagon amarya muke shiryawa ba. Ƙurar hunturu za ta hau su, saboda haka a wanke su a hankali da ruwan sabulu kafin Ista, a shanya a inuwa.

Saura maganar kuɗi, dattawa, wannan taku ce. Da yawa daga cikin masu saƙar nan gwauraye ne masu biyan kuɗin makaranta. Dami ɗaya yakan ci mace yini guda ko fiye. Bai kamata ta ba da lokacinta, ta kuma sayi zare daga aljihunta ba. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta ware kuɗin zare da waya daga asusun taimako. Mai son dami don biki ko ranar haihuwa kuwa ya biya cikakken farashi, ban da cewa "ai 'yar'uwa ce". Shugabar Zumunta za ta karɓi sunayen 'yan mata masu son koyo bayan an tashi.

Bari mu yi addu'a.