Sputnik da Littafin Malama Riley



Yau 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, amma da tarihin jiya zan fara. A ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, mai nauyin kilo 83.6. Hankalin Amurka ya tashi, domin an riga ta. Da ta nemi mafita, sai ta waiwayi makarantunta: a 1958 ta kafa dokar da ta zuba kuɗi wajen koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje.

Fim ɗin October Sky na 1999 labarin wannan zamani ne. An ɗauko shi daga littafin Rocket Boys, kuma haruffan sunan littafin aka jujjuya suka ba da sunan fim ɗin. Homer Hickam, yaro a garin mahaƙa kwal, ya hangi Sputnik da dare, ya ƙudurta ƙera roka. Mahaifinsa bai yarda ba. Malamarsa, Freida Riley, ita ta danƙa masa littafin ilimin roka. Ya zama injiniya a NASA, sai dai ta rasu a 1969, ba ta ga ranar ba.

Haka aikinmu yake, ba kullum mai shuka ke ganin girbi ba. Mu ci gaba da neman haƙƙinmu a wajen hukuma, amma kada yaro mai yawan tambaya ya bar ajinmu hannu rabbana.

Allah ya ba mu ladan aikinmu.