Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabin Ofishin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu Allah Ya gafarta muku, iyayenmu mata hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu, da baƙinmu da suka taso daga Duwala da Ngaundere da Kiye-Osi, barkanku da zuwa. Allah Ya maida kowa gidansa lafiya.

Tun farko muna neman afuwa. A al'adarmu yaro ba ya miƙewa gaban masu furfura ya yi maganar tsufa. Mu da ke riƙe da littafin ƙungiya ba mu kai shekara arba'in ba. A cikinku akwai waɗanda suka goya mu, akwai waɗanda suka ja mana kunne a ƙofar babban masallaci muna guje-guje. Amma shugabanni sun ce ofishin magatakarda ya faɗi abin da yake gani a littafi, mu kuwa abin da muka fi gani a 'yan shekarun nan shi ne tsufa.

In muka buɗe shafukan farko na rajista, sunayen da ke ciki kashi uku ne. Wasu mun ja musu layi mun rubuta Allah Ya jiƙansu. Wasu suna nan, amma sun daina tafiya: gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, ko hawan jini ya zaunar da su. Kaɗan ne har yanzu suke hawa mota da kansu su bi kaya. Mu da muke ganin kanmu yara, mun fara tsintar farin gashi a gemu. Littafin nan ba ya tsallake kowa, shafi ne kawai bai iso kanmu ba.

Bari mu tuna wa ƙannenmu su wane ne waɗannan dattawa. Unguwar nan da muke zaune, 'yan ƙasa Ewondo suna kiranta Ekudu. Sunan Briketeri ya samo asali ne daga wurin da ake yin bulo a nan tun zamanin Jamus. Kakanninmu fatake da ƙafa suka riƙa saukowa daga arewa, ta Banyo da Tibati da Yoko, a ayari, da madugu a gaba. Jirgin ƙasa daga Duwala ya iso Yawunde a 1927, amma sai a 1974 layin ya kai Ngaundere. Ke nan a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka san hanyar arewa tun ba a kwana ɗaya a jirgi a wayi gari a can.

Su ne suka ga ranar 12 ga Janairu 1994, da aka kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50 aka tashi yana sefa 100. Wanda ke da bashin kayan waje a kansa, nauyinsa ya ninka a dare ɗaya. Su ne suka ga kasuwar Banki da Amshide ta mutu saboda rikicin Boko Haram. Tare da su muka ga Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, ba a sake buɗe Mfum ba sai Disamba 2020. Tare muka ga korona ta rufe iyakokin Kamaru a watan Maris 2020, muka ga canjin takardun naira a farkon 2023. Duk sanda muka tambaye su yadda suka tsallake irin waɗannan shekaru, amsa ɗaya suke ba mu: amana. Mai gida a Garwa ya ɗora maka kaya ba takarda, ka sauke a Yawunde, ka aika masa kuɗinsa ta hannun direba, sisi bai ɓata ba. Da jari ya karye, sunan mutum ne ya sake tayar da shi.

Amanar nan gaskiya ce, muna alfahari da ita. Sai dai tana da rauni guda da ba mu cika son faɗa ba. A ka ake ajiye ta, kai kuma yana tsufa.

Bara wani dattijonmu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, kuma da izinin iyalinsa muke wannan magana, ya zo ofis da ɗansa. Mutum ne da ya yi shekaru yana sauko da albasa daga arewa zuwa Kiye-Osi, inda 'yan Gabon da Gini Ikwatoriya ke zuwa saye. A da, in ka tashe shi daga barci zai gaya maka wa yake bi, buhu nawa, tun wace damina. Ran nan ya zauna gabanmu yana lissafi da yatsu, ya kama suna ya saki, ya sake kamawa. Ya san yana bin mutane kuɗi masu yawa, ya kasa tuna ko nawa ne, wasu ma sunansu ya kwance masa. Ba takarda, ba shaida, domin shaidun sun riga shi tafiya. Muka yi ta buga waya. Mutum ɗaya, Allah Ya saka masa da alheri, ya hau mota tun daga Garwa ya kawo kuɗin da ko iyalin ba su san da su ba. Wasu suka ce sun biya tuni. Wataƙila gaskiya suka faɗa, ba mu da hanyar sani. Yau dattijon nan ƙannensa ne ke haɗa masa kuɗin magani. Da ya tashi fita ya ce mana: “Yarana, ban taɓa tsammanin kaina zai ci amanata ba.”

Tun daga ranar muke ta tunani, kuma tunanin ya kai mu ga ruwan sama, domin mu masu bin hanya ba mu da malamin da ya fi shi. Kowa a garin nan ya san Yawunde damina biyu gare ta: ta farko daga tsakiyar Maris zuwa Yuni, babbar kuma daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ba a ɓoye take zuwa ba. Hadari yana taruwa a kan dutsen Febe kowa yana kallo. Duk da haka, kowace shekara sai ruwa ya shiga shaguna a gangaren unguwar nan, saboda magudanar da muka cika da leda da robar ruwa tun rani. Ran nan sai ka ga mutum da tsintsiya da bokiti yana cewa ruwa ya shammace shi.

Wani lokaci abin ya wuce asarar kaya. A ranar 21 ga Oktoba 2016 aka wayi gari ruwa ya yanke hanyar Yawunde zuwa Duwala a wajen Matomb. Mutane suka yi tururuwa zuwa jirgin ƙasa, jirgin ya kauce daga layinsa a Eseka, hukuma ta ce mutum 79 suka rasu. A ranar 8 ga Oktoba 2023, a nan Mbankolo, bayan ruwa mai ƙarfi, katangar wani tsohon tafki ta fashe, laka da duwatsu suka sauko kan gidaje, kusan mutum 30 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Katangar nan ta daɗe a tsaye, jama'a na wucewa ta gindinta kullum, har aka manta cewa ita ma tana tsufa.

Iyayenmu sun san wannan darasi a kan hanya. Dattijo zai ce maka kada ka ɗora albasa a mota mara tamfol mai kyau a watan Oktoba. Zai ce ka lissafa kwanakin da kaya za su yi a tasha kafin ka yi wa mutum alkawarin ranar biya. Zai ce in an saki ruwan Lagdo ka fara tambayar labarin Binuwai kafin ka tura yaro Yola. Ba wanda ke tayar da babbar mota zuwa Garwa-Bulai bai duba taya da birki ba. To tsufa ma tafiya ce, kuma ita kaɗai ce tafiyar da muke shiga ba guzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu matasa. Waya ta sauƙaƙa mana ciniki. Hoton kaya ta WhatsApp, kuɗi ta Orange Money ko MoMo, cikin minti biyar an gama abin da iyayenmu ke yi a mako biyu. Wannan alheri ne. Amma saurin ya shiga halinmu. Muna wuce dattijo a kan benci mu ɗaga masa hannu daga kan babur, ba mu tsaya mun durƙusa ba. Mun fara auna mutum da motar da ya shigo da ita. Yaro ya karɓi kaya bashi, ya canja lambar waya, ya koma wata iyaka ya buɗe sabon shafi, har a samu masu cewa ya iya kasuwa. A da irin wannan ko zango ba za a ba shi ba daga nan har Kano. In muka bar wannan ya zama al'ada, mu ne za mu tsufa a cikinta, kuma ba wanda zai hawo mota daga Garwa ya kawo mana kuɗinmu.

Iyayenmu, ku ma muna da roƙo gare ku, cikin ladabi. Kuna ɓoye lamuranku da yawa. Akwai wanda uwar 'ya'yansa ba ta san inda jarinsa yake ba, ɗansa na fari bai san mai gidansa na Mubi ba. Kuna ganin rubuta bashi kamar zargin abokin ciniki ne. Malamanmu suna nan, za su shaida cewa addini da kansa ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Rubutu yana kare wanda ake bi kamar yadda yake kare mai bi, kuma yana hana marayu rigima da aminan ubansu.

Saboda haka ofishin magatakarda yana gabatar wa wannan taro abu uku, in kun yarda a sa su a shawara.

Na farko, a buɗe littafi na musamman na bashi da ajiya. Duk ɗan ƙungiya da ya so, ya zo da shaidu biyu a rubuta wa yake bi, wa ke bin sa, da abin da aka ba shi ajiya. A rufe a ambulan, a sa hannu, kada a buɗe sai da izininsa, ko in ya kwanta ciwon da ba ya iya magana, ko in ta Allah ta kasance. Wanda ya fi son a rubuta masa da ajami, akwai mai rubutawa.

Na biyu, guzurin tsufa. Adashinmu yana taimako a biki da suna da rasuwa, amma ba shi da kason wanda ya daina tafiya yana raye. Muna roƙon a ware wani abu daga zubin wata-wata domin maganin dattawan da suka zauna, taro ya yanke ko nawa ne. Ban da wannan, tun 2014 hukumar CNPS ta buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu irinmu su yi rajista da son ransu, su riƙa zubi gwargwadon abin da suka bayyana suna samu. Fansho yana farawa a shekara 60, ana neman aƙalla wata 180 na zubi, wato shekara 15, tare da wasu sharuɗɗa. Wanda ke da shekara 30 ko 35 yau yana da lokaci. Wanda ya bari sai ya kai 55, ya makara. Muna shirye mu raka duk mai so ya je ya ji bayani da kunnensa, sa'an nan ya yanke wa kansa shawara.

Na uku bai buƙatar ko dala. Kowace Juma'a bayan la'asar, matasa biyu ko uku su je gidan dattijo ɗaya daga cikin waɗanda suka daina fitowa. A gaishe shi, a duba abin da ya rasa, a zauna a saurare shi. Mu kuma za mu zo da littafi mu rubuta abin da ya sani: hanyoyi, zangon da ake sauka, gidajen da muke da tsohuwar hulɗa da su a Kuseri da Yola da Bamenda, da yadda ake sasanta rigimar kaya ba a je gaban hukuma ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma sai yaron ya je ya tambaya. Ilimin nan ba a sayar da shi a kasuwar Mokolo. Duk dattijon da muka kai makwancinsa ba mu tambaye shi ba, ya tafi da shi ke nan.

Kuma tun da mun yi maganar ruwa, kafin daminar Satumba ta kankama muna kiran matasan ƙungiya mu fito da shebur da baro mu yashe magudanar da ke gaban shagunanmu. Iyayenmu su zauna a inuwa su nuna mana inda ruwa ya saba bi, domin sun fi mu sanin hanyarsa.

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu, abin da muka gani a littafi ke nan. In mun yi daidai, tarbiyyarku ce. In mun zarce, ku yafe mana, yaro ne ya yi magana. Ofis yana buɗe kullum bayan azahar, kuma sunan magatakarda ne zai fara shiga sabon littafin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare matafiyanmu a kan kowace hanya da kowace iyaka, Ya zaunar da Kamaru da Nijeriya da maƙwabtanmu lafiya. Allah Ya ba mu tsufa mai amfani a cikin mutunci, Ya sa mu ga baɗi da alheri.